Abin da Na Ɓoye wa Bello a Iyakar Itatuwa

Mun sauka Karachi da rana tsaka, ni da Bello, cikin wani zafi mai ɗanko wanda ko mu 'yan Sakkwato sai da muka ji shi a jika. Lokacin kuɗin mai sun shigo, gwamnatin soja tana ta tura ma'aikata karatu ƙasashen waje. Mu biyu aka zaɓa daga ofishin gandun daji, aka ce mu je arewacin Pakistan mu koyo yadda ake raya daji, saboda farin da aka yi ya cinye mana itatuwa da dabbobi. Ni sunana Umaru, ɗan Ƙofar Marke, mahaifina mai sayar da yadi ne, kuma ban yi aure ba a lokacin. Bello ɗan Ƙofar Taramniya ne, gidan mahauta, ya girme ni da shekara uku, ya baro mata da ɗiya guda. Tun da aka ɗauke mu aiki tebur ɗaya muke zama.

Daga Karachi jirgin ƙasa muka shiga, kwana biyu muna tafiya arewa. Mutane suka yi ta kallonmu, wani ma ya kai hannu ya shafa fatar Bello ya duba yatsansa. Na ga muƙamuƙin Bello ya motsa. Da azahar ta yi ya shimfiɗa tawul tsakanin kujeru ya ta da kabbara, sai taragon ya yi tsit. Yana sallamewa wata tsohuwa ta kwance ƙullinta, ta miƙo mana gurasa da wata miyar wake mai yaji. Muka ci muna hawaye, ita tana dariya tana ƙara mana.

Makarantar tana wani gari a gindin duwatsu. Wata goma muka yi a can. Ni da yake a kasuwa na tashi, ban daɗe ba na tsinci Urdanci, harshen ƙasar, har ina ciniki da shi ina ba'a. Bello kuwa harshensa ya ƙi. Turancin littafi ya iya, a aji ma ya fi ni, amma da mun fita ƙofar makaranta sai ya koma kurma. Ni na zama bakinsa da kunnensa. Kome aka faɗa sai ya juyo ya ce, "Umaru, mi yac ce?" In gaya masa, ya gyaɗa kai. Bai taɓa sake tambayar wani ba bayan na faɗa.

Kewar gida ta fi cinsa. Shinkafa da gurasa sun gundure shi. Wata rana ya sayo nono ya dama da garin alkama wai fura, muka kurɓa sau ɗaya muka zubar. Ya ce, "In na koma, Umaru, ko gida ban shiga sai na tsaya wurin mai hura."

Muna cikin wata na bakwai muka ji a rediyo an yi juyin mulki a gida. Wasiƙun da suka biyo baya babu mai daɗi: ana ta sallamar ma'aikata, wane an kore shi, wane an ce ya ajiye aiki. Sai kuma takarda ta iso mana cewa duk wanda gwamnati ta tura karatu, in ya kasa kammala wani ɓangare na kwas ɗinsa, sai ya yi bayani. Ba mu san abin da bayanin zai jawo ba, amma mun tsorata.

Ɓangaren da ya rage mana shi ne hawan dutse. Za a kai mu wani kwari mai nisa, mu bi daji daga ƙasa muna auna itatuwa har inda suka ƙare, mu wuce sama mu rubuta abin da ke tsirowa a can. Aikin na mutum bibbiyu ne, ɗaya ya ja igiyar awo, ɗaya ya rubuta. In abokin aikinka ya kasa, kai ma ka tsaya, kuma ba a sake hawa sai baɗi, domin ƙanƙara tana rufe hanyar da wuri.

Aka ba mu jerin kayan da za mu saya, muka shiga kasuwa. Wani mai shago ya tare mu da fara'a, ya kira mu 'yan'uwa, ya ce ya yi aikin Hajji tare da mutanen ƙasarmu, ya sa aka kawo mana shayi. Ya fito da manyan rigunan sanyi guda biyu, ya rantse cewa ulu ne zalla ciki da waje. Na murza bayan rigar da yatsa, ulu ne kuwa. Bello ya ce, "Kai ad ɗan mai yadi, duba da kyau." Na ce na duba. Ban farke ɗinkin na ga cikin ba.

Mota ta kai mu inda hanya ta ƙare, daga nan sai ƙafa, alfadarai na ɗauke da tantuna da abinci. Mu goma sha biyu ne da malaminmu, Malam Rashid, wani siririn mutum mai furfura wanda bai cika magana ba. Ranar farko muka shiga wani daji da ban taɓa ganin irinsa ba. Itatuwa miƙaƙƙu masu ganye kamar allura, in ka ɗaga kai don ka ga ƙarshensu sai hularka ta faɗi. Mutum uku ba sa zagaye gindin wasu da hannu. Bello ya dafa ɗaya ya ce, "Da za a ba mu goma irin wanga a Sakkwato, da mun gama aiki."

Rana ta biyu aka yi ruwa tun hantsi har la'asar. Rigunan sauran ɗalibai ruwan na zamewa a kansu, namu kuwa suka sha suka yi nauyi kamar an jiƙa katifa. Da muka tsaya na farke gefen tawa da wuƙa, sai ga tsummoki da dattin auduga. Na nuna wa Bello. Ya dube ni, ya yi 'yar dariya. Muka shanya su kusa da wuta, amma ba su bushe ba. Washegari haka muka mayar da su da danshinsu, kuma a ranar ya fara tari.

Muna ƙara hawa itatuwan na ƙara gajarta. Masu ganyen allura suka yi ta raguwa, wasu masu farin ɓawo mai ɓarewa kamar takarda suka maye gurbinsu. Can gaba su ma suka fara karkacewa, duk rassansu sun juya gefe guda. Na ƙarshe ko kafaɗata ba su kai ba, wasu ma a kwance suke suna bin ƙasa. Daga nan sai fili, ciyawa da duwatsu har inda ido ya tsaya. In ka tsaya ka dubi dutsen da ke fuskantarmu, sai ka ga dajin ya yanke a tsayi guda da namu, kamar an ja masa layi.

A nan muka kafa tantuna, kusa da bukkokin wasu makiyaya masu awaki da tumaki, waɗanda ke hawowa da bazara su sauka kafin sanyi, kamar yadda Fulaninmu ke yin mashekari. Babbansu wani tsoho ne mai jan gemu, sunansa Gulam. Muka sayi akuya a wurinsu. Bello ya karɓi wuƙa ya yanka, ya feɗe ta ba tare da ya huda fatar ko sau ɗaya ba. Makiyayan suka kewaye shi suna kallo. Gulam ya ɗaga fatar ya duba ta a rana, ya dafa kafaɗar Bello ya yi ta magana. Ranar ce na ga Bello ya fi sakewa tun da muka bar gida.

Da yamma Malam Rashid ya tara mu gaban wata 'yar bishiya da kaurinta bai wuce damtsena ba. Ya ce ta girmi kakan kowannenmu. Bello ya ɗaga hannu ya yi tambaya da Turancinsa na aji. Ya ce a ƙasarmu in ka yi arewa itatuwa na raguwa ne saboda ƙishirwa, to nan ga ruwa na gudu ta ko'ina, me ya tsayar da su?

Malam Rashid ya ce, "Ɗumi ne ya gaza. Bishiya tana bukatar kwanakin ɗumi masu yawa a shekara don ta yi sabon reshe, ya ƙosa kafin sanyi ya dawo. Daga nan zuwa sama kwanakin ba su isa ba. Abin da ta tofo bana, sanyi da iska su kashe shi kafin ya yi ƙwari. Ciyawa na iya rayuwa domin tana manne da ƙasa, inda rana ke ɗan ɗumamawa. Abin da ya miƙe tsaye ba ya iyawa." Sai ya dube mu ɗaya bayan ɗaya ya ce, "Ku ma wannan layin ya shafe ku. Sama da nan babu itacen wuta, babu mafaka, iskar shaƙa ma ta yi ƙaranci. Wanda ba ya jin daɗin jikinsa ya gaya mini, ya zauna a nan."

Bello ya danne tarinsa da hannun riga.

Da safe Malam Rashid ya yi gaba da rukunin farko, mu aka ba mu wani gangare ta hagu. Muna ɗaura takalma Gulam ya kawo mana madara mai zafi. Tari ya sarƙe Bello. Tsohon ya ajiye kwanon, ya durƙusa ya kara kunnensa a bayan Bello, ya daɗe yana saurare. Sannan ya kama hannunsa ya duba farce, ya dubi leɓensa. Ya juyo gare ni ya yi magana da Urdanci a hankali don in fahimta.

Ya ce, "Ruwa ya fara taruwa a ƙirjin ɗan'uwanka. Kada ya wuce itatuwan nan. Ka sauka da shi yau, ƙasa sosai. Mu da aka haifa a nan, in mun ji wannan ƙarar ba ma kwana."

Na ji kowace kalma. Babu wadda ta ɓace mini.

Bello ya ce, "Mi yac ce?"

A cikin ɗan lokacin nan na tuna takardar da aka aiko mana. Na tuna wata shekara guda a ƙasar nan, da wani sanyin, da gurasa. Na ce a raina aikin yini ɗaya ne, kafin la'asar mun dawo, gobe sai mu sauka gaba ɗaya.

Na ce, "Cewa yay yi ka sha madarag ga da zahi, ka rufe ƙirjinka da kyau."

Bello ya shanye, ya yi wa tsohon godiya da hannu, ya ɗauki igiyar awo. Gulam ya ga mun nufi sama, ya kira ni da ƙarfi. Na ɗaga masa hannu ban juya ba.

Wurin yana da kyau, ba zan ɓoye ba. Ƙananan furanni shuɗi da rawaya sun rufe ƙasa, sama ta yi shuɗi mai duhu, rana na ƙona fuska amma yatsu na daskarewa. Muka yi aiki har azahar. Bello na jan igiya, in ya yi taku goma ya tsaya ya dafa gwiwa. Na ce ya zo ya rubuta ni in ja. Da na dawo na duba littafin, rubutun ya karkace, wasu lambobin ma ba su karantuwa, shi da hannunsa ya fi na kowa kyau a ofis.

Ya zauna a kan dutse ya ce, "Bari in huta kaɗan." Ya yi tari ya tofar, sai na ga kumfa mai ja-ja. Numfashinsa na ƙara kamar ana tafasa ruwa a tukunya. Na ce mu koma. Ya miƙe, ya yi taku uku ya zube.

Sai hadari ya taso daga bayan dutsen, cikin ɗan lokaci rana ta ɓace, ƙanƙara ta fara zuba kamar tsakuwa. Na duba gabas da yamma, babu ko abin da kaza za ta fake. Na ja shi gindin wani dutse na kwanta a kansa. Jikinsa na kaɗawa. Ina da ashana a aljihu, na rarrafa ina neman abin ƙonawa, ko kara ɗaya ban samu ba, ciyawar duk a jiƙe. Na yage littafin awonmu, aikin kwana huɗu, na kunna a tsakanin gwiwoyina na kara hannuwansa. Kafin su ji ɗumi wutar ta mutu. Na yi ta ihu da Hausa da Turanci da Urdanci. Can ƙasa ina hango bakin dajin, baƙi ƙirin, tafiyar da ba ta fi awa biyu ba, amma na kasa ɗaukarsa.

Ban san tsawon lokacin da muka yi ba, sai na ji ƙararrawar alfadari. Gulam ne da wani ƙanensa, da damin itace a bayansa da bargo. Ashe tun da ya ga hadari ya biyo sawunmu. Ya hura wuta, ya cire wa Bello jiƙaƙƙiyar rigar ya yar, ya naɗe shi da bargon. Ni ko kallona bai yi ba sai sau ɗaya, lokacin da muke ɗora Bello a kan alfadarin. Har yau na fi tuna wannan kallon a kan duk abin da aka taɓa faɗa mini.

Mun iso tantuna da magariba. Malam Rashid ya so a wuce da shi ƙasa nan take, amma rafin da ke kan hanya ya cika ya tafi da gadar katakon. Dole aka jira gari ya waye ruwan ya ja. Da hantsi, ana ɗaura itatuwan da za a ɗauke shi a kai, Bello ya buɗe ido ya yi mini alama. Na kai kunnena bakinsa.

Ya ce, "Umaru, tsohon nan jiya... ba madara yac ce ba ko?"

Na kawar da kai.

Ya ce, "Na ga hannunshi. Ƙasa yaka nunawa."

Na buɗe baki, tari ya sarƙe shi. Na riƙe kansa ina yi masa kalmar shahada, leɓensa na motsi yana bi. Kafin a gama ɗaurin ya cika.

Ba yadda za a yi a kai gawa tafiyar kwana uku a ƙafa, sannan ga zafin ƙasa. Makiyayan suna da 'yar maƙabartarsu a cikin itatuwa masu farin ɓawon nan, inda ƙasa ke haƙuwa. Gulam da kansa ya yi masa wanka, ni ina zuba ruwa. Matar Gulam ta aiko da farin ƙyalle da ta ajiye don kanta. Malam Rashid ya ja salla, mutum ashirin da wani abu a bayansa, babu wanda ya san sunan uban mamacin sai ni. Na shiga ramin na karɓe shi.

Da muka koma makaranta aka kira ni aka tambaye ni yadda abin ya faru. Na ce tari ne ya tsananta masa a sama. Ba ƙarya na yi ba, kuma ba gaskiya na faɗa ba. Saboda abin da ya faru, suka yafe mini littafin da na ƙona, suka ba ni takardar shaidata. Malam Rashid ya miƙo mini ita ya ce in yi haƙuri, ba laifin kowa ba ne. Gulam bai gaya masa ba ke nan.

Na iso Sakkwato da akwati biyu. Labarin rasuwar ya riga ni da wata biyu, an yi zaman makoki an tashi. Kwana shida ina gida na kasa fita. Ran na bakwai na ɗauki akwatin Bello na nufi Ƙofar Taramniya. Na tarar da mahaifinsa, Baba Garba, a zaure bayan la'asar, ya dawo daga mahauta yana wasa wuƙaƙensa. Na durƙusa na gaishe shi, na yi masa ta'aziyya, na tura akwatin gabansa. Ya ajiye dutsen washin.

Ya ce, "An yi mai wanka?"

Na ce, "An yi, Baba. Ni niz zuba ruwa."

"An yi mai sutura? An sallace shi?"

"An yi."

"Huskarshi na gabas?"

Na ce, "Can alƙibla yamma take, Baba. An daidaita shi da ita."

Ya jinjina kai ya ce alhamdu lillahi. Ya fara sa mini albarka, yana cewa Bello ya sha rubuto masu cewa ni ne gatansa a can. A nan na kasa. Na ce, "Baba, akwai abin da ban hwaɗa ma kowa ba." Na gaya masa komai, tun daga rigar har madarar.

Bai katse ni ba. Da na gama ya ce, "Sake hwaɗa mani abin da tsohon yac ce. Yadda yah hwaɗe shi."

Na maimaita masa, kalma bayan kalma.

Ya ce, "Da kun sauko, mi za ka rasa?"

Na ce, "Shekara guda."

Ya ce, "Shekara guda." Ya daɗe yana kallon ƙofar zauren. Wani kuturu ya wuce da jakinsa, yara na wasa a waje, ni ina durƙushe.

Can ya ce, "Ƙasar da za ta rufe Bello, Allah ya rubuta ta tun ba a haife shi ba. Wannan na sani. Naka kuma kai ka sani, ba sai na ƙara maka ba." Ya mayar da wuƙaƙen cikin kube ɗaya bayan ɗaya. "Uwarshi ba za ta ji wagga magana ba. Matarshi ba za ta ji ba. Ni da kai za mu ɗauke ta."

Na jira ya ce ya yafe mini, ko ya ce in tashi in bar masa gida. Bai faɗi ko ɗaya ba. Ya ɗaga murya ya ce a kawo wa baƙo ruwa. Aka miƙo kwanon sha ta bayan labule, ya karɓa ya ba ni da hannunsa. Ya zauna yana kallona har sai da na shanye.